Daga Kano Zuwa Galmi: Garkar Kawu da Littattafansa

Rabona da ƙasar Nijar tun ina 'yar firamare, lokacin da mahaifiyarmu ta kai mu ganin danginta. Bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, zumunci ya koma sai ta waya. An buɗe a watan Maris na 2024, amma aikin koyarwa bai bar ni na motsa ba sai cikin Sha'aban ɗin da ya wuce, sanyi yana haramar tafiya. Ni da ƙanena muka shirya zuwa gaida Kawu, yayan mahaifiyarmu, wanda ke zaune a wani ƙauye kusa da Galmi, cikin jihar Tawa.

Mun bar tashar Ƙofar Ruwa da sassafe, kowa naira 6,500 zuwa Katsina. Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanci, duk barci na sha. Daga Katsina zuwa Jibiya ne idona ya buɗe. Tun a tasha direba yake ta azalzala a cika mota, ya ce shi ba ya bin hanyar nan da la'asar saboda 'yan bindiga. Shingaye kuwa ba a magana. Ka bar wannan, kafin mota ta ɗauki gudu ka tarar da wani: gungumen itace a tsakiyar titi, mai kaki ya leƙo, direba ya miƙa hannu ta taga, a janye itace. Ba wanda aka buɗe wa jaka. Wata tsohuwa da ke gefena, rungume da kwanon daddawa, ta ce 'ya'yanta mata biyu a tsallake suke aure, kuma duk tsawon rufe iyakar ba ta fasa zuwa suna ko biki ba, ta cikin gonaki take bi a ƙafa. "Ni dai ban ga katanga ba, 'yar nan," in ji ta.

A Magama muka yi canji, a nan jikina ya yi sanyi. Jika ɗaya, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000, alhali a 2014 ko naira 400 ba ta kai ba. Kuɗin da na ƙulla ina ganin za su ishe mu mota da tsaraba, mai canji ya miƙo mini 'yan takardu ƙalilan a madadinsu. A Ɗan Isa jandarmomi suka karɓi takardun kowa, muka sauko muka tsaya a inuwa ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke da fasfo da katin rigakafi ba mu daɗe ba. Wasu samari biyu da ba su da komai a hannu a nan muka bar su. Mai niyyar zuwa ya riƙi takardunsa cikakku, domin tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 aka ƙara sa ido.

Mun ratsa ta wajen Jiratawa, inda ake noman zogale fili guda, muka shiga Maraɗi bayan azahar. Gidan wata ƙawar mahaifiyarmu muka sauka, a unguwar Zariya. Bakatsine ba zai ji baƙunta a Maraɗi ba. Sarakunan Haɓen Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 ne suka kafa mulkinsu a nan, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin. Da dare aka ba mu dambu da zogale da man gyaɗa, da safe dogon burodi da shayi. Mai masaukinmu ta ja mini kunne kan lissafin kasuwa: da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, saboda haka in mai talla ta ce dala ashirin, 100 take nufi.

Washegari muka hau motar Galmi, jika huɗu kowane mutum, kan babbar hanyar da ta nufi Yamai. Mun wuce Tsibiri, garin Sarkin Gobir, muka wuce Gidan Rumji. Inda ake tsayawa a nan bai kai na Jibiya yawa ba, wani wurin ma kuɗin hanya kawai direba ke biya a ba shi tikiti a sauke igiya. Ƙasa ta yi ta bushewa, jan dutse da ƙaya, har sai da muka gangaro Madawa, kwarin Tarka ya bayyana kore shar. Na sayi kilishi na jika ɗaya, na ajiye wa Inna, matar Kawu.

Tun kafin ka ga allon Galmi hancinka ya gaya maka ka iso. Buhunan albasa jere a bakin titi hagu da dama, 'yan dako suna lodi, manyan motoci masu lambar Gana da Kwaddibuwa suna jiran layi. Wannan albasa mai ja da shuɗi-shuɗi ita ce Faransawa suka sa wa suna Violet de Galmi, ana kuma shuka irinta a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Garin kansa ƙarami ne. Abu biyu aka san shi da su, albasa da asibitin mishan da ke nan tun 1950, wanda har daga Najeriya ake zuwa. Ɗan Kawu ya tare mu da amalanken shanu, muka bar kwalta.

Kawu na zaune a bakin zaure. Na durƙusa, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗiyata, kin zaka? Lahiya lau kuka taho? Ina uwakki?" Inna ta fito da ƙwaryar fura, ba sukari, sai nono da ɗan yaji. Ba wutar lantarki a gidan, sai ƙaramin faifan sola da ake cajin waya da fitila. Daren farko ban yi barcin kirki ba. Sanyin can daban yake da na Kano, iska ce ke shigowa ta ƙasan ƙofa da ƙura, da asuba kuma ruwan alwala sai ka daure.

Ana idar da sallar asuba Kawu kan zauna da Alƙur'aninsa har gari ya yi haske, sannan ya saɓa hauya. Na bi shi garka, wato lambunsa. Tana gangaren ƙauye, ba ta kai kadada ɗaya ba, an kewaye ta da ƙaya, an yayyanka ta fangali-fangali, kowanne taku uku a tsaye biyu a kwance. Ya ce da ƙuruciyarsa da jigo da ƙwarya suke ban ruwa, baya ya yi ta ciwo. Yanzu inji ne a bakin 'yar rijiyar burtsatse, kuma ba da fetur yake aiki ba, da tukunyar gas ta girki. Da, fetur ɗin Najeriya suke saye da araha a kwalabe. Da aka cire tallafi a 2023 ya fi ƙarfinsu, sai makanikai suka juya musu injinan. Na tsaya ina kallon jikan Kawu, yaro ɗan shekara goma sha, yana bin ruwa. Ruwan na gudu a 'yar magudana tsakanin fangula, ya sa hauya ya fasa bakin guda, ya jira ya cika daidai wuyan albasa, ya kwaso laka ya toshe, ya fasa na gaba. Ƙafarsa a cikin ruwan sanyi har idon sawu, bakinsa kuma yana bitar allonsa, Suratul Mulk.

Mafi yawan filin albasa ce. Amma gefe-gefe, bin shinge, akwai tumatir, attarugu, kabeji, salak, karas, yakuwa, kuɓewa, layin zogale da bishiyar lemun tsami guda. Kawu ya nuna tsakiya ya ce wannan ta kasuwa ce, ya nuna gefe ya ce wannan na tukunya ne, kuma ba shi da iko da shi, na Inna ne. In ta sayar da rarar salak ko zogale, kuɗinta ne.

A wata kusurwa na ga albasa ta yi dogon kara da farin fure dunƙule-dunƙule, ƙudan zuma na ta shawagi. Ta iri ce. Kawu ba ya sayen iri. Lokacin cira yakan zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau, masu faɗi da ƙarfi da siririn wuya, ya adana, shekara ta zagayo ya sake binne su, su yi fure su ba da baƙin iri. Wato sai an yi noma biyu kafin a sami iri ɗaya. Irin ake yafawa a wurin reno bayan ɗaukewar ruwan sama, ya yi kwana arba'in da 'yan kai, a cire a dasa. Wani ɓangare da ya dasa da wuri ya riga ya nuna, ganyen ya kwanta, ya kuma yanke masa ruwa kusan mako biyu kafin cira. Ya ce mai kwaɗayin nauyi da ke ci gaba da ban ruwa, ko mai zabga takin zamani, albasarsa za ta yi girma a ido, amma a rudu za ta ruɓe. Rudu shi ne rumbunta: bukkar kara da ciyawa a kan dirkoki, sama da ƙasa, iska na ratsawa.

Kan rudun nan ne arzikin manomi ke tsayawa ko ya zube. Lokacin cira kowa na da albasa, kuɗinta ya faɗi warwas. Wanda ya iya riƙewa zuwa ƙarshen damina yakan sayar ninki-ba-ninki, ko da wani kaso ya lalace. Amma wanda ya ci bashin taki da gas ba shi da ikon jira, ranar da ya cire ranar mai bashi ke tsaye a kansa. Ga kuma buhun 'yan kasuwa, wanda ya haura kilo 100, a cika shi a ɗora masa hula a ɗinke, a biya kuɗin buhu ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai, domin irin kukan da masu tumatir ɗin Kura da Kadawa ke yi ke nan a kan kwando.

Da hantsi muka zauna ƙarƙashin lemun tsamin, sai Kawu ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, irin na 'yan makaranta, ya ciro biro ya yi rubutu daga dama zuwa hagu. Na tambaye shi, ya ce in mun koma gida zai nuna mini sauran. Adaka ce ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da irin waɗannan littattafai, an ɗaure su da tsumma shekara-shekara. Na ƙasa da tawada da alƙalamin kara aka rubuta su, takardar ta yi ja. Duka da ajami, da Hausarsu ta can. Karatun ajamina a hankali yake, sai ya karɓa yana karanta mini da yatsa a kan layi. Ranar kaza ga wata, tauraro kaza, an yafa iri. An dasa fangali talatin. Ruwan rijiya ya yi ƙasa kamu biyu. Ƙwari sun faɗa wa ganye, ya yi fari-fari. An haifi wance. An sayar da buhu kaza a kan jika kaza. Wane ya ranci tiya biyar ta hatsi, shaidu wane da wane, an biya, sai ya ja layi a kai.

Na tambaye shi dalilin rubuta tauraro bayan ga kwanan wata. Ya ce watan Musulunci na ibada ne, kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya, ba a noma da shi. Noma da taurari ake yi, su 28, bakwai-bakwai ga damina da kaka da ɗari da bazara, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14. Shi yakan yafa iri a Gufuru, ya yi dashe a Shaula. In yana son sanin ko rijiya za ta kai shi ƙarshen rani, sai ya buɗe littafin shekarar da aka yi ƙarancin ruwa irin na bana, ya ga abin da ya faru a tauraro iri ɗaya, ya rage fangula ko ya ƙara.

Asalin abin kuwa daga bashi ne. Ya ce yana saurayi aka yi rigima tsakanin mahaifinsa da wani maƙwabci kan rancen hatsi, har aka daina gaisawa. Malaminsu ya zaunar da almajirai ya karanta musu aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, inda Allah ya umarci muminai su rubuta bashi in sun ƙulla shi zuwa wani ajali. Daga ranar ya fara rubuta na gidansu. Da hannu ya saba, sai garka ta shigo, haihuwa da rasuwa suka shigo. Yanzu mutanen ƙauyen in za su ƙulla rance ko jinginar gona wurinsa suke zuwa.

A nan zan faɗi abin da ke raina. Duk takardar da za a cike wa Kawu, ta asibiti ko ta hukuma, abin da za a rubuta shi ne bai yi makaranta ba. Mutumin da ke da tarihin ruwa da farashi da cututtukan shuka na ƙauye guda, na shekaru masu yawa, a rubuce da hannunsa! Ni malamar firamare ce, na san yara nawa ke gama aji shida ba sa iya rubuta wa iyayensu wasiƙa da kowane irin baƙi. Muna koya musu rubutu don jarrabawa, jarrabawa na wucewa su ajiye. Kawu bai taɓa zama jarrabawa ba, amma ba ranar da ba ya rubutu, saboda yana da abin da yake tsoron ya manta.

Wunin da na fi jin daɗi shi ne wanda na yi a madafa tare da Inna. An cire albasar farko, aka kawo mata lawashi dami-dami. A Kano rabinsa zubarwa muke yi. Ita kuwa ta yayyanka, ta zuba a turmi, muka kama daka ni da 'yarta, ido na hawaye, har ya zama kore jagab. Ta riƙa ɗiba tana matsewa a tafin hannu, ruwan na bin yatsunta, tana jera dunƙulen a kan tabarmar kaba a rana. Gabu ke nan. In ya bushe ƙarau sai ta zuba a tulu, ya kai ta har wata shekara. Da yamma ta ɗauko na bara guda biyu, ta ɗan gasa a bakin murhu har ƙanshi ya tashi, ta daka da barkono da daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Ta jiƙa kauɗar tumatir ɗin da ta shanya da kanta, ta kaɗa busasshiyar kuɓewa da ɗan ruwan kanwa. Ba nama. Na ga ta ɓare ɗanɗanon shago guda ɗaya ta jefa, ta ce saboda mu ne, bakinmu ya saba. Da tuwon hatsi muka ci, mai zafi, da man shanu a kai. A duk abin da ya shiga tukunyar nan, gishiri da kanwa da wannan ɗanɗanon kaɗai aka saya da kuɗi. Na tuna gidana, inda kullum sai an ba yaro kuɗin cefane, in kuwa tumatir ya yi tsada a 'Yankaba miyar ranar ta sauya kama.

Kada dai mai karatu ya ɗauka hutu suke yi. Itace ya yi wuya a yankin, da kara da busasshen kashin shanu Inna ke girki, hayaƙin ya sa mata tarin da ba ya barin ta. Tafin hannunta duk ya tsattsage. Surfe da daka da ɗiban ruwa sun cinye mata safiya kafin ta ga garka. Na so a ce tukunyar gas ɗin da ke bakin rijiya akwai irinta a madafa, na kuma gaya wa Kawu haka. Ya yi shiru, ya ce in albasar bana ta yi kuɗi.

Bayan magariba zaure kan cika. Manoma ne, wasu da laka a ƙafa, kowa da littafinsa, wani Ahalari wani Risala, Kawu na biya musu yana fassarawa. Mu mata muna jiyowa daga tsakar gida. Wani dare aka zo babin zakka, wani saurayi ya tambaya ko albasa na da zakka. Kawu ya ce a mazhabar Malikiyya ba a fitar da zakka daga kayan lambu, ta hatsi ce da dawa da wake da makamantansu, sai dai in an sayar kuɗin ya kai nisabi ya kuma shekara. Ya ƙara da cewa Imamu Abu Hanifa yana ganin a fitar daga duk abin da aka noma. Saurayin ya ce to ashe sun huta. Kawu ya ce ba a wajabta ba daban, an hana daban. Ya kawo hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa ko ya shuka wani abu, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Shi a garkarsa, ranar cira, akwai fangalin da ba a sa shi a buhu: na gwauraye mata ne da almajirai da duk wanda ya zo wucewa. Na gani da idona, mata na zuwa da ƙwarya suna tafiya da ita cike.

'Yar Kawu, sa'ata, ta yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji kafin a yi mata aure. Bayan la'asar takan tara matan unguwa a rumfar gidanta, a fara da hadda, sannan ta juya allo a koyi baƙaƙen boko da lissafi da Hausa. Na zauna musu sau da dama. Na tambayi wata mai goyo abin da ya kawo ta, ta ce so take ta riƙa karanta sunan mai kiranta a waya, ta kuma gane awon maganin da aka rubuto wa ɗanta. Wata ta ce ita uwar adashi ce, ta gaji da riƙe lissafi a ka. A 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma a rumfar nan littafin karatu uku ne kacal, duk sun yage, sun haddace su. Ta roƙe ni in aiko musu da littattafan Hausa daga Kano, ko tsofaffi ne, na labari da na addini da na kiwon lafiya. Ita kuma da dare tana zama wurin mahaifinta, yana karanta mata tsofaffin littattafansa tana kwafewa da boko, don idonsa ya fara rauni kuma tawadar wasu ta soma dushewa.

Ranar komawa Inna ta haɗa mini gabu da kauɗa da busasshen zogale, Kawu ya sa aka ɗora mana rabin buhun albasa. Ya kuma ba ni iri a ƙulle cikin takarda, ya yi rubutu a bayanta. Hanyar da muka zo ita muka bi. Albasar ta jawo mana ƙarin jika ɗaya a mota, a wani shinge bayan mun tsallako kuma sai da ƙanena ya sauka ya yi bayani kafin a bar mu. Mun kwana Katsina don kada dare ya yi mana, muka shigo Kano da hantsi.

Ba ni da filin shuka, saboda haka irin na kai wa mahaifin wata abokiyar aikina, manomin rani a Kura. Ina shirin yi masa bayani ya karɓi takardar ya juya, ya karanta rubutun Kawu tiryan-tiryan: a yafa a Gufuru, kada a cika taki, a yanke ruwa in ganye ya kwanta. Ya ce ƙasarsu ta fi ta Galmi riƙe ruwa, don haka zai fara gwadawa a komi biyar ya gani. Ya tambaya ko in ya rubuta amsa akwai mai kaiwa, na ce direbobin albasa na zuwa kowane mako, tare da littattafan matan zan haɗa.